Hon Ɗin da Na'urar Ba Ta Ji Ba

A Kano na koyi mota, a hannun yayana, kuma kafin ya nuna mini birki sai da ya nuna mini hon. Da shi muke gaisawa a titi, da shi muke godiya, da shi muke cewa ga ni nan kada ka shigo, da shi kuma muke zagi idan ta kama. Direban da ba ya danna hon a garinmu kamar wanda ya faɗo gida ba sallama ne.

Da maigidana ya samu gurbin karatun digiri na uku muka tare a Kuala Lumpur, a wani dogon bene a Cheras. Shi jirgin ƙasa yake bi zuwa jami'a can Lembah Pantai. Ni kuwa ina gida da 'yarmu, ina kallon ruwan sama ta taga. Sai da ya ga zaman ya kusa haukata ni ya yarda muka sayi wata tsohuwar ƙaramar mota, amma da sharaɗi. Kamfanin inshora ya liƙa wata na'ura mai girman akwatin ashana a ƙarƙashin sitiyari, tana kai rahoton gudu, da taka birki, da shan kwana, da duk inda motar ta tsaya. Wayarsa rahoton yake zuwa, don da sunansa aka yi inshorar. Ya ce muddin launin rahoton kore ne, makulli nawa ne. Ranar da ya koma ja, in ajiye masa shi a kan tebur.

Na raɗa mata suna 'yar gulma. Ina tsaye ina taya yadi a Jalan Tuanku Abdul Rahman sai saƙon maigidana ya shigo: "Hajiya, shagon gaba ɗaya za ki saya ne?" Shi a wurinsa wasa ne. Ni kuwa ji nake kamar an cire mini ƙofar banɗaki. Ban taɓa zuwa inda zan ji kunya ba, amma na tsani a riƙa lissafa mini sawu.

Duk da haka na lallaɓa, don makullin nan shi ne numfashina a garin. Da shi nake kai yarinya makaranta, in je kasuwa, in ziyarci wadda na ga dama ba tare da na jira kowa ba. Ƙafata ta ladabtu, ina taka birki kamar mai taka ƙwai. Sai dai na gano 'yar gulma ba ta da kunne. Duk abin da ta hana ƙafata sai ya hau hannuna. Wata maƙwabciyata 'yar Katsina da ta daɗe a ƙasar ta taɓa ce mini, "Yaya, ki rage hon ɗin nan. A nan wasu zagi suke ɗaukarsa." Na yi dariya na ce ai ba su ji zagi ba tukuna.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, ruwa ya ɗauke ke nan. Na ɗauko yarinya daga makaranta tana kujerar baya tana cin biskit. Wata baƙar a-kori-kura ta fara zamewa cikin layina. Na danna hon gajere, na sanarwa, irin wanda a Kano mutum zai ɗaga maka hannu ya gyara. Wallahi ko na faɗa bai kai ba.

Direbanta ya shigo gabana ya daki birki. Ni ma na daka, na ji yarinya ta fizgo sai da bel ya tare ta. Na kauce na wuce, ya biyo ni. Ya bugi bayan motata, ya sake bugawa, har haƙorana suka gamu da harshena na ji gishirin jini. Na ba ta wuta. Ina kutsawa tsakanin motoci da babura, ina shan kwana kamar a Kurna, kuma Allah ya yafe mini, a cikin wannan tashin hankalin ma sai da wayar maigidana ta faɗo mini a rai, ina ganin yadda launin yake rikiɗa.

Danja ce ta tare ni. Motoci gaba, motoci gefe. Ta madubi na ga ya fito riƙe da ƙarfen nan da ake kulle sitiyari da shi. Ya fara da madubin gefe, ya cire shi da duka ɗaya. Ya koma gilashin gaba, ya yi ta narka masa har ya yi fari fat ya lotso. Sannan ya zo tagata. Gilashin ya tarwatse a fuskata. Yana ihu da yaren da ban iya ba, yana dukan iska da tafin hannu yana kwaikwayon danna hon. Ya cusa hannu ya damƙi hijabina ya ja, kaina ya bugi ƙofar. Ya sake ni ya nufi makulli.

Na riga shi. Na zare na dunƙule a hannun dama. Ya ɗaga ƙarfen ya sauke a kan hannun, na ji ƙarar a cikin kunnena kafin zafin ya iso. Da ya sake cuso hannunsa na kafa masa haƙori, kuma ban saki ba sai da na ji nama ya buɗe. A bayana yarinya ba ta yi kuka ba. Da 'yar ƙaramar murya take ta maimaita kalmar tsoro ta Malay da ta koyo a makaranta: "Mama, takut. Mama, takut."

Ma'aikatan wani shagon abinci na mamak, wato Indiyawa Musulmi, ne suka fito a guje, ɗaya ɗauke da kujerar roba, masu babur kuma suka taru. Da ya ga an yi yawa ya koma motarsa ya hau gefen titi ya gudu. Wani ya ɗauki hoton lambar.

Kafin a sa ni a motar asibiti maigidana ya iso a tasi. Ban kira shi ba. 'Yar gulma ce ta nuna masa inda motar ta tsaya, kuma wannan aiki ɗaya ba zan ƙi yaba mata ba.

A asibiti aka ɗinke mini goshi, aka ce ƙashin hannu ya tsage. Ma'aikaciyar jinya ta yi ta lallashi in buɗe tafina, da ƙyar na buɗe. Haƙoran makullin sun nutse a cikin fata. Ta wanke wurin, na mayar da shi hannun hagu.

Maigidana yana zaune da yarinya a cinya. Na san tsoro ne yake cinsa. Amma tsoron namiji wani lokaci ta baki mara kyau yake fita. Ya ciro waya ya juyo mini da ita, ja wur.

"Kin ga gudun da kika yi? Da yarinya a baya?"

"Malam, ta nuna maka mutumin?"

Ya mayar da ido kan wayar.

"Ta nuna maka ƙarfen?"

"Mun yi alkawari," ya ce a hankali, ya miƙo hannu.

Na dubi hannun nan. Raina ya ɓaci fiye da yadda ya ɓaci a bakin danja, don wancan ban san shi ba. Na ce, "Wanda ya zo da ƙarfe bai karɓe shi ba. Kai da waya za ka karɓa?"

Hannunsa ya daɗe a miƙe. Sannan ya janye shi ya ɗora a kan yarinya.

Da hannuna ya warke na koma tuƙi. Na'urar tana nan, amma rahoton wayata yake zuwa yanzu, kuma ni nake yanke wa zai gani. Hon kuwa ban sake taɓa shi ba. Ko a Kano, da muka je hutu, yayana ya danna mana nasa na maraba a ƙofar gida, kafin in juyo yarinya ta shige bayana ta toshe kunnuwa.