Wa Ke Kashe Mai Gadin Ɗakin Sanyi?

Akwai wata Laraba a Fatakwal da ko na tsufa haƙorana sun zube ba za ta fita daga raina ba, domin a ranar ce tarkon da na ɗana wa wani dattijo ya kama ni.

Lokacin ban daɗe da gama karatun kwamfuta a Inugu ba, kaina a kumbure, ina ganin duk mutanen mayanka ba su san komai ba sai wuƙa. Kawuna mahauci ne, yana da ɗakin sanyi inda yake ajiye naman da yake kai wa otal-otal. Ni na lallaɓa shi na haɗa masa 'yar kwamfuta a ofis, na rubuta shirye-shirye biyu. Ɗaya yana lura da sanyin ɗakin, duk rabin awa ya turo saƙo wayoyinmu cewa lafiya, in sanyi ya fara raguwa ya yi ta kiranmu. Shi nake ce wa mai gadi. Ɗayan na kyamarar ƙofa ne, mai yawan sandarewa, don haka na rubuta ɗan umarni da ke kashe shi kullum ƙarfe ɗaya na rana ya sake tayar da shi.

Wata biyu komai na tafiya daidai, ina tafiya ina ɗaga kafaɗa. Sai wata rana injin sanyin ya tsaya, mai gadi bai ce uffan ba, aka wayi gari naman shanu uku ya canja launi. Na duba kwamfuta, na tarar ba faɗuwa mai gadi ya yi ba, kashe shi aka yi. Na tayar da shi. Bayan kwana goma aka sake kashe shi, aka kuma sake, Allah dai ya sa a waɗannan lokutan injin sanyin na aiki.

Mutum uku ke shiga ofishin: ni, Kawu, da wani dattijo da muke kira Baba, wanda ya fi shekara ashirin yana buɗe wa Kawu shago yana tayar da janareta. Na lura duk ranar da aka kashe mai gadi, da safen an ɗauke wuta, Baba ya shiga ya kunna janareta. Shi ke nan, zuciyata ta yanke hukunci. Daga nan komai nasa ya zama hujja. In ya gaisa da mahaucin da ke hamayya da mu, na ce an saye shi. In ya yi shiru, na ce rashin gaskiya ce. Har gogar da yake yi wa teburin kwamfutar da tsumma sai na ga kamar sawu yake sharewa.

Na je na zayyana wa Kawu. Ya ce, "Kai, ka san abin da kake faɗa kuwa? Mutumin nan shi ya raka uwarka asibiti ranar da aka haife ka."

Na ce, "Kawu, kwamfuta ba ta ƙarya."

Ya ce, "To, na ba ka mako biyu. Ka kawo min shaida, in ta tabbata ya tattara ya koma gida."

Maganar ba ta ɓoyu ba, mayanka ce. Kafin kwana uku yaran kantin Kawu sun daina ba Baba ajiyar wayoyinsu in za su shiga aiki. Na gani, kuma wallahi a lokacin daɗi na ji.

Na sa kwamfutar ta riƙa rubuta sunan duk wanda ya aika umarnin kisa, sannan na koma zama a rumfar mai shayi da ke kallon ƙofar ofis. Kwana takwas ina zuba ido. Ranar Larabar an ɗauke wuta da hantsi, Baba ya shiga ya tayar da janareta, ya fito ya zauna a benci yana ɓare lemo. Bai sake motsawa ba. Saƙon sha biyu da rabi ya shigo, na ƙarfe ɗaya ma ya shigo. Ɗaya da rabi ta yi, waya shiru. Ofis a kulle, Baba na gabana yana tofar da ƙwallon lemo.

Na shiga na buɗe rubutun. Sunan da na gani na umarnina ne, wanda na rubuta da hannuna don kyamara.

Ga abin da ya faru. Duk shirin da ke aiki a kwamfuta ana ba shi lamba, kuma lambar aro ce, in ya mutu a ba wani. Ni kuwa na rubuta lambar shirin kyamara a wani fayil, umarnina ya riƙa karantowa yana kashe duk mai ita. Batirin ajiyar kwamfutar ya mutu tuntuni, na yi ta cewa gobe zan canja. Duk sanda aka koma janareta sai kwamfutar ta mutu ta tashi, a raba lambobi daga farko, fayil ɗina kuwa na riƙe da lambar jiya. Wata rana lambar ta faɗa kan wanda ba kowa ba, wata rana ta faɗa kan mai gadi. Laifin Baba ɗaya ne, ya dawo da wuta kan lokaci.

Gyaran bai ci awa biyu ba. Akwai hanyar da ake kira pidfd: kana tayar da shiri sai tsarin ya ba ka makama irin ta buɗaɗɗen fayil, wadda ke ɗaure da wannan shirin shi kaɗai. Ta ita za ka aika umarni, ta ita za ka ji in ya mutu, kuma ba za ta taɓa komawa kan wani ba. Kamar riƙe igiyar sa ne a hannu maimakon dogara da lambar fentin da ke bayansa. An koya mana a makaranta, na ɗauke shi surutun malamai.

Gyaran ɗaya ɓangaren ne ya gagare ni. Bayan la'asar na tsaya gaban Kawu da yaran kanti, na faɗi komai, na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe min. Ni ne."

Ya goge hannunsa a rigarsa, ya ce, "Ba komai. Ai na san ana kallona daga rumfar mai shayi, shi ya sa nake zama inda za ka gan ni da kyau, kada ka wahala." Babu wanda ya yi dariya. Ni kuma na rasa inda zan sa fuskata.

Ya yafe, kuma ya ci gaba da aikinsa har ƙarfinsa ya ƙare. Amma tun ina rarrafe "ɗana" yake ce min, daga ranar ya koma ce min "Injiniya", yana gaishe ni da ladabi irin na baƙo. Har ya koma gida ban sake jin wancan sunan a bakinsa ba.

Abin da na koya ke nan: in abu ya lalace a inda na sa hannu, aikina nake fara tuhuma kafin in ɗaga ido in kalli kowa. Shiri in na kashe shi bisa kuskure, minti ɗaya na tayar da shi. Abin da na kashe tsakanina da Baba, har yau ban san umarnin da ke tayar da shi ba.