Ranar da na yi kukan akuya a Shiling

Shekarun baya, ina sabon shiga harkar jakunkunan mata a Guangzhou, na ci karo da abin da na daɗe da fid da rai da samu.

Waɗanda suka san ni sun san cutata: tara tsofaffin fastocin fim, musamman na barkwancin 'yan jami'a da wasanni, irin waɗanda muke kallo a kaset a gidan kallon unguwarmu a Kano. Wanda na fi so shi ne na wasu ɗalibai da ba su iya ƙwallon kwando ba, ga kocinsu gajere mai tumbi, ga wata akuya da ke bin su ko'ina. Fastarsa kam na nema har na gaji.

Ranar ni da abokina, wani ɗan Maradi da muke haɗa kwantena tare, muka ɗauki mota zuwa wata masana'antar jaka a Shiling, wajen gari, don duba kaya kafin a wuce da su tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Mai masana'antar, wanda kowa ke kira lawban, ya ce mu shiga ofis mu sha shayi. Ina ɗaga kai sai na ga fastar a bango, a gefen firij. Rubutun na Sinanci ne, takardar ta yi ja don tsufa, amma ga kocin, ga akuyar tana taunar usur ɗinsa. Wallahi shayin sai da ya zubo mini a kaftani.

Na ce, “Lawban, sayar mini da wannan.”

Ya kaɗa hannu. “Meyo, meyo.” Wato babu. Cikin guntun Turancinsa ya ce ta mahaifinsa ce, wanda ya taɓa riƙe gidan kallon bidiyo tun yana saurayi. Ya nuna wani tsoho da ke zaune bakin ƙofa cikin singileti yana fifita.

Abokina ya taɓo ni. “Alhaji, mu tahi mu duba kaya. Mota tana jira, kai kana cinikin hoton akuya?”

Ban ko kalle shi ba. Na je na rusuna gaban tsohon na gaishe shi, ɗansa yana fassara. Tsohon ya dube ni sama da ƙasa, ya ce mutane da yawa sun taya, duk don su sayar ne, babu wanda ya taɓa kallon fim ɗin a cikinsu. In ni na kalla, in faɗa masa yadda wasan ƙarshe ya kaya.

Na fara bayani, Turancina ya ƙare a hanya, na lawban ma ya ƙare. Tsohon ya ci gaba da fifitarsa, ya kawar da kai. Na ga abin yana neman kuɓuce mini.

Sai na cire hula na miƙa wa abokina. Na ɗauki wata jakar mata ja daga kan tebur, ita ce ƙwallo. Na zama dogon ɗalibin nan mai tsoron ƙwallo, na rufe ido na cilla ta sama. Na koma koci, na turo ciki gaba ina buga ƙafa. Sannan na durƙusa, ni da gemuna, na saki kukan akuya, na tunkuyi jakar da ka ta faɗa kwandon shara. A fim ɗin haka aka ci wasan.

Kekunan ɗinki suka tsaya. Ma'aikata suka cika ƙofar ofis. Abokina ya rufe fuska da hulata yana cewa, “Innalillahi, mi ya samu bawan Allah nan?”

Tsohon kuwa dariya yake har da hawaye, yana bugun cinya. Sai ya miƙe ya ce ban yi daidai ba, kocin ya faɗi a kan benci kafin akuyar ta shigo. Ya kuwa yi faɗuwar da kansa, ɗansa yana ihu yana tare shi. Da gaskiyarsa, na manta wurin! Muka sake daga farko, shi koci, ni akuya, ma'aikata suna tafi.

Da muka gama ya hau kujera ya cire fastar da hannunsa, ya naɗe ta a hankali ya sa a kwalin fata. Na kai hannu aljihu, ya buge mini hannu. Abin da na iya faɗa kawai shi ne “shiyeshiye”, na gode, na yi ta maimaitawa kamar karatu. Kayan ma a gurguje muka duba, ina rungume da kwalin har muka koma gari.

Yanzu na tara fastoci da dama, wasu sun fi ta kyau nesa ba kusa ba. Amma idan na tsaya gabanta, ba fim ɗin nake tunawa ba, tsohon nake gani kwance a ƙasa yana shure-shure. Shi a Guangzhou, ni a Kano, ashe a wuri ɗaya na fim ɗin muka yi dariya muna samari. Ban san sunansa ba, bai san nawa ba, amma ban taɓa yin hirar da ta kai wannan daɗi ba.