Kafintan da Ya Kankare Sarauniyoyi

Ma'auni ake ce masa, domin tun yana saurayi bai taɓa ganin abu a karkace ya wuce ba. Kafinta ne. Ko gaisuwa ya je gidan mutane, sai ya jijjiga kujera kafin ya zauna.

Da yayansa ya rasu, ya bar masa akwatin ƙudan zuma guda a bayan gida. Ma'auni bai san komai a kiwon zuma ba, amma ya ɗauki akwatin nan amana. Wata safiya ya buɗe, ya ga saƙa tsaf-tsaf, har ya yaba wa ƙudan da iya aiki. Sai ga wasu ƙulle-ƙulle masu kama da ɓawon gyaɗa suna reto a gefe. Ya zaro wuƙarsa ya kankare su tas.

Matar marigayin ta fito da tsintsiya, ta hango farin abu kamar madara a bakin wuƙar. Tsintsiyar ta faɗi.

"Innalillahi! Angona, me ka yi?"

"Gyara na yi musu, Yaya."

"Gyaran gangar auzinawa! Uwarsu sarauniya fa ta mutu. Sabuwa suke reno, ka kwashe ɗakunan!"

Ya leƙa ƙasa, tsutsotsi ne kawai.

"Waɗannan? Ai iri ɗaya ne da sauran da ke cikin saƙar."

"Iri ɗaya mana. Abincin ne ya bambanta. Wannan farin da ka ɓata wuƙarka da shi, kowace tsutsa ɗanɗana mata ake yi, a yaye ta. Wadda za ta zama sarauniya kuwa a cikinsa take iyo har ta girma. In babu ita, babu ƙwai, akwatin yayanka ya mutu."

Ma'auni ya zauna daɓas a kan bokiti, ko jijjiga shi bai yi ba.

"Wato sarautar ma ciyarwa ce? Ni kuwa da uwata ta sani!"

"Da har yanzu kafinta ne kai, sai dai mai tumbi."

Ya tashi ya ɗaga saƙar ƙarshe. Can ƙasa, inda idonsa na tsufa bai kai ba, ƙulli ɗaya ya tsira, kuma duk ya fi karkacewa. Ya mayar da saƙar a hankali kamar mai kwantar da jariri.

Bayan ƴan makonni suka tarar da ƙwai reras a saƙa. Akwatin dai ya jirkice gefe ɗaya tun ranar nan, kuma duk wanda ya ce a daidaita, Ma'auni kan tare hanya: "Kul! Bar musu kayansu."