Ƙoshin Baba

Jiya maigidana ya ture akushi bai cinye ba, ya ce ya ƙoshi. Har yanzu na kasa zama wuri ɗaya.

Haka mahaifinsa ya fara. Mutumin da ke share tuwon gero da miyar kuka har ya suɗe yatsu, sai ga shi yana ɗan taɓawa ya wanke hannu.

"Na ƙoshi, ɗiyata. Ba yara."

Mutanen garinmu Bande suka yi ta yabo, wai tsoho ya saki duniya. Ni kuwa haushi nake ji, ina ƙara daddawa, ina canza miya.

Da cikinsa ya taurare ta hagu, aka ce saifa ce, ragowar zazzaɓin damina. Wanzami ya yi masa tsaga. Sai da kunnensa ya fara toshewa muka kai shi asibitin Damagaram, aka ɗebi jini. Lokotoro ya ce sankarar jini ce mai tafiya a hankali. Ita ta kumbura saifar har ta danne tumbinsa, abinci ya rasa wurin zama. Akwai ƙwayar da ke riƙe ta, amma mun makara.

Baba ya dube ni daga kan gado, ya yi dariya.

"Kin ji ko? Ba miyarki ba ce."

Ashe ya san haushin da nake ji. Bai kai girbi ba.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya ciyar da kai inda ƙoshi ba ciwo ba ne.