Makirufo Mai Safa

A ƙofar wani shagon ɗinki a Briqueterie nake kallonsa. Dattijo ne mai furfura, kafaɗun kwat ɗinsa sun koɗe, katin aikin wani gidan rediyon gwamnati na lilo a wuyansa. A babur ɗin haya ya zo. Soson kan makirufonsa ya lalace, ya rufe shi da safar ƙafa. Ina jin ya fi shekara talatin yana wannan aiki, kuma ya daina kai kuka ofis.

Yana tsugune gaban Malam Abdulbaƙi, limamin layinmu, yana naɗar tarihin unguwa. Batiri ya yi sanyi, sai ya ciro shi ya murza a tafin hannu ya mayar.

"Yaushe za mu ji a rediyo?" in ji Malam.

"Da filin Hausa awa guda ne, Malam. Yanzu dix minutes. Wai babu kuɗi, amma manya sun sake motoci."

"To me ya sa kake naɗar duka?"

Ya gyara zaman safar, ya sake miƙa makirufon.

"Ci gaba, Malam. Ni dai ina ji."