Maɓallai Marasa Ƙara

Kalma tamanin da biyar a minti ɗaya, ba tare da ta dubi hannunta ba. Wannan shi ne saurin matar da ake kira Anti Inji a ofishin lauyoyin da ke hawa na uku, kuma ba cika baki ba ne, an taɓa sa mata agogo aka ƙirga. Sunanta na yanka ya daɗe da ɓacewa a wurin, har masu kawo saƙo Anti Inji suke tambaya.

Tana 'yar shekara goma sha bakwai babanta, wanda tela ne, ya kai ta makarantar koyon tafireta, wai tunda ta ƙi allura gara ta riƙi wani ƙarfen. Malamar wurin kwali take kifawa a kan hannun ɗalibai, duk wadda ta leƙa ta sha rula. Da wannan horon Anti ta fito. Hannu ya san hanya, ido ba shi da aiki sai kallon bakin mai magana. Ta cinye tafireta uku, ta ga bayan kwamfutar tebur biyu, sannan aka ba ta wata baƙar kwamfutar tafi-da-gidanka mai nauyin kilo biyu da rabi, suka shekara tara tare. Da yatsun nan goma ta biya wa 'ya'ya uku kuɗin karatu har suka gama, saura Auta.

Aikinta shi ne ta zauna kusa da lauya, mai shaida yana faɗa tana bugawa. Akwai masu shaidar da ko da wasa ba sa yarda a naɗi muryarsu, kuma irinsu ne suka sa kujerarta ba ta taɓa girgiza ba.

Abin da ba wanda ya sani a hawa na uku shi ne ciwon suga ya daɗe yana cin ta ta gefe biyu. Da ido ya fara, ta riƙa gani dishi-dishi, har haruffa suka koma mata kamar tururuwa a cikin ruwa. Daga baya ya sauko kan yatsu, bakinsu ya mutu, komai ta taɓa kamar da safar hannu. Ta daina shan shayin ofis, ta koma zuwa da nata a filas, ta ce na ofis ya cika ruwa. Ba ta faɗa wa kowa ba, don ta ga yadda aka yi da Baba mai ajiye fayil lokacin da kunnensa ya yi nauyi. Barista, mai ofishin, ba ya korar mutum da faɗa. Shayi kofi biyu yake sa a kawo, ya rufe ƙofa. Bayan sati aka ba Baba agogon bango, aka yi hoto, shi ke nan.

Baƙar kwamfutar nan ita ta rufa mata asiri. Yatsunta sun ci maɓallan har sun yi rami, kowane yatsa da gurbinsa. Wanda ke ƙarƙashin manuniyarta ta hagu kuwa gefensa ya ɓantare, ya yi kaifin da ko mataccen yatsa sai ya ji shi. Ga kuma ƙara. Kowane layi da irin sautinsa, in hannunta ya kauce, kunnenta zai gaya mata kafin ta ƙarasa kalmar.

A gida, mijinta Baban Auta, tsohon direban babbar mota, ya gane tuntuni amma bai ce uffan ba. Sai dai ya ɗauke 'yar kujerar da ke hanyar kicin, ya kuma tsiri karanta mata takardar magani da ƙarfi, wai yana gwada sabon tabaraunsa.

Wata ranar Litinin aka shigo da fararen kwalaye goma sha biyu. Injiniya, wanda ke kula da kwamfutocin ofis, sai rawar jiki yake yi kamar shi ya ƙera su. Kamfanin da ya yi tsofaffin ne ya sake fasali gaba ɗaya. Nauyi ya dawo kilo ɗaya da 'yan kai, kauri bai kai na littafin rubutu ba, batir yana wuni, an cire fanka, fuskar kuma gilashi ce mai sheƙi.

Kafin azahar ɗakin shan shayi ya rabu. Mutum takwas suna yabo, uku suna mita, ɗaya ta yi shiru.

"Ni dai kafaɗata ta huta," in ji wata ƙaramar lauya. "Ka ga hoto a fuskarta kuwa? Kamar ka sa hannu ka ɗauko."

"Hoto zan ci?" in ji Akanta, yana jujjuya tasa. "Injiniya, ina zan soka wayar firinta? Tsohuwar kafa shida gare ta, wannan biyu, kuma ba wadda ta dace da kayana."

"Akwai 'yar mahaɗa da ake sayarwa daban."

"Au, a sayar maka da gida, sannan a ce ƙofa sai ka dawo ka saya?"

"Ni cinya ta ƙona min," in ji Dogo magatakarda. "Da aka cire fankar, zafin ina aka ce ya tafi?"

"A tebur ake ɗora ta, Dogo, ba jaririya ba ce."

Masinja, wanda ba a ba shi ko ɗaya ba, ya leƙo ya ce a ganinsa da faranti ta yi kama, in sun gaji da ita yana so. Ana cikin dariya Barista ya shigo da tasa a hammata.

"Ni abin da ya fi burge ni, ba ta ƙara," ya ce. "Anti, masu shaida sun huta da ruwan ƙanƙararki. Ke ba ki ce komai ba."

"Me zan ce, Yallaɓai? Ta yi kyau."

Ta riga ta shafa ta. Kamar ta shafa tayil. Maɓallan sun kwanta sumul, ba rami ba tudu, in ka danna da ƙyar suke nutsawa, kuma shiru kamar kana buga filo. Injiniya ya nuna mata wasu 'yan zane biyu da aka yi don yatsa ya gane gurbinsa.

"Kin ji su, Anti?"

Ta murza, ta sake murzawa. "Na ji," ta ce. Ba ta ji komai ba. Fuskar da ake ta yabo kuwa ta kwashe fitilar sama da hasken taga ta watsa mata a ido, ba ta ganin komai sai fari fat da wasu layuka masu toka-toka.

Da yamma ta bi Injiniya ɗakinsa ta ce a bar mata tsohuwar. Ya ce ai an goge su duka, dillalin da ya kawo sababbin ya kwashe su a musaya, motar ma ta tafi. Ta je wurin Barista. Ya yi dariya har da buga tebur.

"Ke da kika ci tafireta uku, wannan 'yar ficiciyar ce za ta ba ki tsoro? Ki saba da ita kafin Alhamis, muna da babban zama."

A gida ta baje ta a teburin cin abinci, ta ƙara girman haruffa har kalma huɗu suka cika layi, abin da ba ta isa ta yi a ofis ba, don bayan kujerarta bangon gilashi ne, kowa yana wucewa. Ta gano dabara: ta fara laluba gefen kwamfutar da tafin hannu, sannan ta ja yatsu zuwa tsakiya. A gwaji ashirin ta dace sau goma sha bakwai. Sauran ukun nan suka tsaya mata a rai. Ta yanki ɗan filasta ta manna a maɓallin manuniya, abu ya yi daidai. Washegari Injiniya ya hango shi, ya zo da gudu ya ɓamɓare.

"Anti, kada ki jawo mana! In an rufe murfin nan, manne yake da maɓallai, ko ƙwayar shinkafa ta shiga tsakani gilashin ya tafi. Kuma ba a gyara shi, sai dai a canja rabin kwamfutar."

Ranar Laraba Baban Auta ya zauna yana kallonta tana ta laluben gefe.

"Sakatariya," ya ce, don haka yake kiranta in yana son zolaya, sai dai wannan karon ba zolaya a muryarsa. "Ki faɗa musu mana."

"In faɗa musu me?"

"Abin da ya sa na ɗauke kujerar nan daga hanya."

Hannunta ya tsaya.

"Auta saura mata shekara ɗaya ta gama karatu," ta ce. "Bari dai a wuce zaman gobe."

Mai shaidar ranar Alhamis ma'aikacin wata masaƙa ne da tukunyar tururi ta fashe a cikinta, ta kashe abokin aikinsa. Da ƙyar aka shawo kansa. Ya ce sau ɗaya zai yi magana, ba naɗar murya, kuma daga nan garin zai bari. Barista ya zauna kusa da shi, Anti ta zauna suna fuskantar juna, bayan kwamfutar yana kallonsu. Ta laluba gefe, ta ja yatsu, ta ce bismillah a ranta.

Da farko komai ya tafi daidai. Da mutumin ya zo kan yadda ya jawo abokinsa daga cikin tururi, sai murya ta sarƙe, ya fashe da kuka. Anti ta ɗaga hannu ta zuba masa ruwa. Barista ya miƙa hannu ya jawo kwalin hankici, gwiwar hannunsa ta ɗan gogi murfin kwamfutar. Da tsohuwar ce, ko gezau. Wannan kuwa ta zame a kan tebur kamar faɗin yatsa ɗaya, ba ƙara, ba wanda ya lura.

Mutumin ya share fuska ya ci gaba ba zato, magana tana zubowa kamar an buɗe famfo, sunaye, ranaku, wanda ya ce a kunna duk da an ga tsaga. Babu lokacin lalube. Hannun Anti ya faɗa inda ya saba faɗawa, ya kama gudu.

Can cikin aiki ta ji wani abu bai kwanta mata ba. Ƙaramin yatsanta na dama yana ta cin karo da wani maɓalli mai faɗi a inda ba ta zata ba. Ta kasa kunne, shiru. Ta dubi fuskar, layukan toka suna ta jeruwa tsaf kamar kullum. In ta tsaya, mutumin nan ba zai maimaita ba. In ta kai fuskarta dab da gilashi, Barista yana kallo. Ta ci gaba.

Bayan awa biyu mai shaida ya tashi, ya yi sallama, ya sauka. Barista ya kira Injiniya ya zo da 'yar mahaɗarsa a buga takardun. Injiniya ya juyo da kwamfutar gabansa, ya gangara ƙasa, ya sake gangarawa. Anti ba ta ganin fuskarsa sosai, amma ta ji numfashinsa ya canja.

"Yallaɓai, zo ka gani."

Shafi huɗu na farko lafiya lau. Sauran ashirin da ukun babu kalma ɗaya ta mutane a ciki, haruffa ne da alamomi a cakuɗe, an jera su tsaf.

Barista ya ɗaga murya, abin da ba ya yi. Kafin ka ce me, ofis ya taru a ƙofa.

"Mun faɗa!" in ji Akanta. "Kyan banza!"

"Zafi ne ya narka mata ƙwaƙwalwa," in ji Dogo.

"A kira dillalin nan yanzu ya kwashe tarkacensa," in ji Barista.

Anti ta zauna hannu a cinya. Ta ga ƙofa ta buɗe mata: laifi ya hau kan kwamfuta, ita abin da ya rage mata kawai ta yi shiru. Ta yi shirun.

Injiniya bai ɗago ba. Yana ta duban allon, yana duban maɓallai, yana motsa baki. Can ya yi 'yar dariyar jin daɗi.

"Yallaɓai, kwamfuta lafiyarta ƙalau. Hannu ne ya matsa gefe da maɓalli ɗaya. Duba, kowane harafi maƙwabcinsa aka buga. In na mayar da kowanne gurbinsa, kafin a tashi kusan komai zai dawo."

Barista ya sauke ajiyar zuciya, ya zauna, ya ce alhamdulillahi har sau biyu. 'Yan ƙofa suka fara watsewa, Akanta yana cewa duk da haka shi dai bai yafe zancen kafa biyu ba. Sai Anti ta ji kujerar Barista ta juyo wajenta a hankali.

"Anti," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Awa biyu fuskar nan tana gabanki."



Ya juyo mata da kwamfutar, ya mayar da ita shafin farko, mai kyau. "Karanta min layin sama."

Ta dubi farin hasken. Ta san abin da ke layin, ita ta buga shi, tana iya kawo shi da ka. Ta buɗe baki, sai ta tuna zai iya cewa ta karanta na tsakiya, ko na shafi na uku, yau ko gobe ko jibi. Ta rufe bakin.

Barista ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce Injiniya ya ɗauki kwamfutar ya je ya fara aikin. Ya leƙa waje ya kira masinja.

"Kawo mana shayi, kofi biyu. In ka kawo ka ja mana ƙofa."

Masinja ya juya zai tafi. Anti ta gyara zama, ta haɗa yatsunta goma a kan teburin da babu komai.

"Nawa kada a sa suga," ta ce.