Malam Manniru da Tafiyar Kumasi

A Sabo, unguwar Hausawa a Ibadan, aka haifi Malam Manniru, a gidan wani dillalin goro da ya gangaro daga Kano tun yana saurayi. Tsakanin huhunan goro ya yi rarrafe. Tun kafin ya iya alwala ya iya tsintar goro, yana juya ƙwaya a hannu zai ce maka sankara ta kama ta, wato ƙwaron nan da ke huda goro ya cinye cikinsa. Ya yi sakandare har aji huɗu, mahaifinsa ya rasu, karatu ya tsaya. Bayan shekaru da dama yana bin kasuwa, a 1978 ya samu aiki a wata cibiyar binciken amfanin gona da ke gaba da unguwar Ojoo, mataimaki a ɗakin gwaji, sashen adana goro.

Shugabar sashen Bayarabiya ce, Dakta Muhibbat, mace mai faɗa amma mai gaskiya. Ita ta fara lura cewa abin da take kwana uku tana nema da madubin ƙara girma, Manniru kan faɗa mata shi tun ranar farko. A 1986 ta dawo daga wani taro ta kira shi ofis.

"Malam Manniru, kana da fasfo?"

"Dakta, ni ko Kwatano ban taɓa zuwa ba."

Ta ce to ya shirya. Akwai wata gidauniya a Turai da ke biyan kuɗin musayar ma'aikatan bincike tsakanin ƙasashe. Akwai kuma wata cibiya kusa da Kumasi, a Gana, inda suke gwada ajiye goro wata da watanni ba tare da an barbaɗa masa maganin ƙwari ba. In an amince, shi zai je can wata uku, nasu ma'aikacin ya zo nan wata uku. Maganar ta shige shi sosai, don ya san irin hodar da wasu 'yan kasuwa ke zuba wa goro, ya kuma san tsofaffin da ke cin goron.

Fom ɗin shafi ashirin da biyu ne, kwafi biyar. Shi ya buga shi da tafireta, da yatsa biyu, yana saka kabon tsakanin takardu. Ana son sa hannun darakta na nan da na can, da wasiƙar ma'aikatar gona. Suka aika Gana ta gidan waya. Mako goma sha ɗaya takardun suka yi kafin su dawo, lokacin an rufe karɓa da kwana tara.

Shekara biyu bayan nan aka sake buɗewa. Wannan karon bai bi ta gidan waya ba. Ya naɗe takardun a leda ya ba Alhaji Abbas, wani fatake maƙwabcinsa da ke zuwa Kumasi saro goro. Cikin kwana goma sha biyu suka dawo da sa hannu da hatimi, sai ɗan jirwayen goro a gefen shafin farko. Amsar gidauniya ta zo bayan damina, layi huɗu. Sun gode, aikin yana da kyau, amma wanda ba shi da digiri ba ya cikin waɗanda suke kira ma'aikatan bincike.

Dakta Muhibbat ta karanta ta ajiye tabaranta a kan tebur.

"E pele, Malam," ta yi masa sannu da Yarbanci. "Ka bar ni da su."

Ta rubuta musu wasiƙa mai shafi huɗu. Ko wasiƙarta ce ta yi aiki ko ta wasu, a 1991 suka sauya dokar. Sai dai sun sauya fom ɗin shi ma, ya koma shafi talatin, kuma ana son a rubuta abin da kowane mako na wata ukun zai haifar. A lokacin albashi ya daina kai mutum ƙarshen wata, cibiyar ba ta da takarda, ba ta da ribon ɗin tafireta. Matarsa Fadimatu, wadda ke sayar da ɗanwake da kunun gyaɗa daga cikin gida, ita ke ba shi na mota wasu ranakun.

"Malam," ta ce masa wata rana tana tankaɗe, "wai Kumasin nan ba ita ce Alhaji Abbas ke zuwa duk wata biyu ba? Ka hau motarsu mana."

"In na hau motarsu, fatake ne ya je. Ba wanda zai buɗe mini ɗakin gwaji."

"To Allah ya buɗe."

A 1993 komai ya kammala sai hatimin darakta. Aka shiga rikicin zaɓe, aka shiga yajin aiki, aka garƙame ƙofar cibiya da sarƙa, hatimin yana ciki. Mutanen Sabo da yawa suka kwashi iyali suka nufi tashar Ojoo, kowa na neman motar arewa. Fadimatu ma ta ɗaure kaya. Ya ce mata ta je in tana so, shi bai san kowa a Kano ba sai kabarin kakansa. Ta kwance kayan. Sau uku yana takawa daga Ojoo zuwa ƙofar cibiya ya tarar da sarƙar nan, har wa'adi ya wuce.

Da aka koma aiki, sai ya tarar ya zama wani abu da bai nema ba. Duk wanda zai cika fom ɗin neman tallafi a cibiyar, likitan dabbobi ne ko masanin ƙasa, wurinsa yake zuwa. Ya san inda Turawa ke son a taƙaita da inda suke son a baza. Mutum uku suka tafi ƙasashen waje da takardun da ya gyara musu. Ɗaya ya kawo masa tsarabar biro.

Shi ma ya sake aika nasa fom ɗin. A tsakiyar 1995 wasiƙar da ya yi shekara tara yana jira ta iso. An amince, zai tashi a watan Janairu. Ya yi fasfo, aka yi masa allurar shawara, ya ɗinka kaftani biyu. A masallaci aka yi masa addu'a. Fadimatu ta sayo nama ta yi masa dambu cike da gwangwanin madara. Saura mako biyar tafiya, wata wasiƙar ta biyo baya. Saboda halin siyasar ƙasar, gidauniya ta dakatar da duk hulɗa da cibiyoyin Nijeriya har sai abin da hali ya yi. Ranar ya ƙarasa aikinsa kamar kullum. Ya wanke kwalaben gwaji ya kife su, ya dawo gida. Dambun, su da maƙwabta suka cinye shi.

Su mutanen Gana sun samu wata hanyar. A 1997 suka turo nasu ma'aikacin, Mahmudu, ɗan Zangon Kumasi, mai wata irin Hausa da ke ba Fadimatu dariya. Masaukin baƙin cibiya ba ruwa ba wuta, don haka Manniru ya sauke shi a ɗakin zaurensa. Wata biyu suka yi tare. Mahmudu ya nuna masa yadda suke wanke goro, da yadda suke sauya ganyen da ake lulluɓe shi da shi, da ranakun da ake buɗe kwando a tsince. Shi kuma ya koya wa Mahmudu gane sankara da hannu. Suka cika kwanduna goma sha biyu na gwaji, tara suka kai bayan sallah lafiya lau. Duk aikinsa na cibiyar, waɗannan watanni biyu ne ya fi jin daɗi. A tashar mota Mahmudu ya riƙe hannunsa.

"Yaya Manniru, ɗakinka na nan a gidana. Sai ka zo."

Gidauniya ta dawo a ƙarshen 1998, da sabon fom. A shafi na biyu an rubuta cewa mai nema kada ya wuce shekara hamsin. Shi yana da hamsin da uku. Wani abokin aiki ya ja shi gefe ya ce ai ba shi da takardar haihuwa ta asibiti, ya je kotu ya rantse a kan sabuwar shekara, rabin cibiyar haka suka yi. Dakta Muhibbat ba ta ce ya yi ba, ba ta ce kada ya yi ba. Tambayarsa kawai ta yi me ya gani.

"Dakta, ba zan rantse a kan ƙarya ba. Amma ko ba don haka ba, wallahi na gaji. Na ga shafi na biyu sai na ji kamar an sauke mini kaya."

Ta tambaye shi wa zai ba wannan damar. Ya ce Ni'imatullahi, wata mai digiri da aka ɗauka sashen shekara biyu da suka wuce, 'yar Sabo ita ma, mai haƙurin tsintar goro. Shi ya zauna da ita suka cika fom ɗin cikin kwana shida. Aka amince a karon farko.

Ya yi ritaya tana can Kumasi, gwiwoyi sun fara ba shi wahala. 'Yan kasuwa huɗu ko biyar a Sabo sun karɓi hanyar da ya koya musu, sauran suka ce aikin ya yi yawa, hoda ta fi sauƙi. Bai yi musu da kowa ba.

Da Ni'imatullahi ta dawo, ta zo gaishe shi wata Asabar da hantsi, da hotuna da saƙon gaisuwar Mahmudu. Ta durƙusa ta ce, "Baba, bari in ba ka labari tun daga farko." Ta fara da kan iyaka, ta bi ta babbar kasuwa, ta zo kan ɗakin gwajinsu mai tagogi shida. Yana kishingiɗe a tabarma yana cewa to, to. Tana cikin bayanin rumbun da suke ajiye kwanduna ta ji ya yi shiru. Barci ya ɗauke shi, hoto ɗaya a hannunsa. Fadimatu ta leƙo ta yafito ta da hannu, ta ce ta shigo ciki ta ƙarasa mata labarin.